Wayar Ba Bushta Mai Tanderu

A lungun Masu Sirdi da ke cikin tsohon garin Meknes, ko wace mace ka tambayi lambar wayarta don a kawo mata kaya, lamba ɗaya za ta karanto maka: ta Ba Bushta mai tanderu. Akwai ma waɗanda suka haddace ta tsaf alhali ta mazajensu sai sun duba.

Ba Bushta, wato Baba Bushta a bakin mutanen garin, dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, wanda wuta ta lashe masa gashin hannuwa tun yana saurayi. A ramin da ke gaban tanderu yake yini, rabinsa a ƙasa rabinsa a sama, riƙe da doguwar sandar nan mai faffaɗan baki da yake zura burodi da ita. Shi ba ya kwaɓa fulawa, ba ya sayar da burodi. Kowane gida ke kwaɓa nasa, a jera a tiren katako, a rufa masa ƙyalle, a kawo a gasa. Da ƙyallen yake gane na kowa. Mai ratsin ja na gidan liman ne, mai faci a kusurwa na matar wanzami. Ya kan rantse bai taɓa haɗa burodin wani gida da na wani ba. Matar wanzami tana da nata labarin a kan wannan, amma tsohuwar rigima ce, kada mu tono.

Yadda lambarsa ta zama ta kowa kuwa, ba shi ya nema ba. Da sayayya ta waya ta shigo gari, sai matan lungu suka tarar da ƙaya biyu a hanya. Masu sayarwa ba sa karɓar oda sai an ba su lambar waya, su turo wasu lambobi ta saƙo, a mayar musu, su tabbatar mutum ne ba aljani ba. Mazajen lungu kuma ba su ga dalilin da wani ƙato da ba su san ubansa ba zai riƙa kiran matansu yana cewa, "Ina kike, fito gani a waje" ba. Ga shi lungun kansa ba ya son baƙo. Mai kawo kaya zai shiga ta nan, ya yi ta zagaye, ya ɓulla inda ya fara yana zufa. Amma tanderu, ko makaho hanci zai kai shi. Wata ta fara sa lambar Ba Bushta, ta ga kayanta sun iso lafiya, ta faɗa wa maƙwabciyarta. Shi kenan, magana ta ƙare.

Wayar ƙarama ce mai maɓallai, tana cikin leda, rataye a ƙusa nesa da wuta. Da ta yi ƙara sai ka ji takun silifa a guje.

"Ba Bushta, ta shigo?"

Sai ya jingine sanda, ya goge hannu a cinyarsa, ya jawo tabaraunsa da aka ɗaure da zare, ya fara karantawa a hankali kamar mai jan baƙi.

"Bakwai... huɗu..."

"Don Allah yi sauri, za ta mutu!"

"Ke 'yar nan, lamba ce ko ɗan tsako? Tara... tara kuma..."

Kamfani ya rubuta a ƙasan saƙon cewa lambar sirri ce, kada a faɗa wa kowa. A lungun Masu Sirdi sai ta bi ta baki uku kafin ta isa ga mai ita: Ba Bushta ya faɗa, mai sayar da na'ana'a ya ɗaga murya ya maimaita, wata ta leƙo ta taga ta miƙa wa ta saman bene. Ba a taɓa sace wa kowa ko allura ba.

Sai dai akwai abin da matan nan ba su sani ba. Su a tunaninsu lambobi kawai ke shigowa wayar. Ba su san cewa bayan lambobin wasu saƙonni na biyo baya, kuma suna faɗin sunan mai oda da sunan kayan ƙarara ba. Ba Bushta ya san wadda ta sayi kayan jarirai tun kafin surukarta ta ji labarin ciki. Ya san gidan da ake sayen baƙin rini na gemu, kuma ya san gemun, domin a bayansa yake sallah. Ya san wanzamin nan da ke sayar wa mutane maganin sanƙo shi ma yana yo odar nasa daga Kasabalanka. Bai taɓa furta ko ɗaya ba, ko ga matarsa. Idan kaya sun kusa, yana miƙa wa mace tirenta zai ce, "Baƙonki na hanya," iyakarta ke nan. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Kuma gaskiya yana jin daɗin wannan riƙon amanar fiye da yadda zai yarda ya faɗa, har wani ɗan taƙama yake yi idan ya rataye wayar.

Matarsa Yamna siririyar mace ce marar yawan magana, wadda idan ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Ita ma tana kwaɓa nata burodin kamar kowa, ta rufa masa ƙyalle shuɗi da ya koɗe, ta kawo da sassafe ta ajiye a kan tebur na can ciki. A nan yake zama har a sallami kowa. Sai wuta ta yi sanyi, azahar ta gota, sannan Ba Bushta zai tuna da shi ya zura. Burodin da ya shiga tanderu mai sanyi kuwa ba ya tashi, bushewa yake yi, ya fito fari fat da tauri. Tana amarya ta taɓa yin magana, ya ce mata, "Na gida ai shi ke haƙuri, 'yar mutane. In na sa namu gaba, me za a ce?" Ba ta ƙara tayar da zancen ba, shi kuma ya ɗauka an gama. A 'yan shekarun nan ya lura tana tsoma burodinta a shayi har ya jiƙe kafin ta kai baki, ya kan tsokane ta ya ce ta koma jaririya. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da tsomawa.

Abu ɗaya ne ke hana Ba Bushta sakewa a duniya, shi ne tanderun lantarki, ɗan akwatin ƙarfen nan da ake jonawa a bango. Tun da ya shigo, tirori suke raguwa. Gidan mai shayi sun daina kawowa, gidan tela ma haka. Ba wanda ya zo ya yi masa sallama, ƙyallen kawai zai nema wata safiya ya rasa. Ya kan ce burodin lantarki burodin marayu ne, ba hayaƙi ba albarka. Amma duk lokacin da zuciyarsa ta so karaya sai ya tuna da Lalla Mbarka.

Lalla Mbarka (Lalla a can kamar a ce Uwargida ne) tsohuwa ce mai jiki da murya, gidanta na kallon tanderu. Tun zamanin mahaifin Ba Bushta tirenta ne ke fara shiga wuta, kuma kaf lungun ba mai ƙarfin halin riga ta. Ita ke cewa matan zamani ragwaye ne, ita ke kunyata duk wadda ta sayi akwatin lantarki. A ransa ya riga ya yanke cewa muddin ƙyallenta mai ruwan ƙwai na zuwa, tanderu na nan da ransa. Ranar da ya daina zuwa, sauran za su bi ta kamar tumaki.

Wata safiyar Litinin ta shigo tana haki, surukarta Siham na biye da ita da babbar waya a hannu.

"Kai ɗan Kaddur, ajiye sandar nan ka duba mana, ta shigo?"

Ita kaɗai ke kiransa da sunan ubansa, kamar har yanzu yaro ne. Ya karanto lambobin, Siham ta danna, suka fice suna ƙus-ƙus. Bai kawo komai a ransa ba. Can wajen hantsi wayar ta sake ƙara. Ya sa tabarau ya duba. Saƙon ya ce: Mbarka, mun karɓi odarki ta tanderun lantarki babba. Aiko da 1 don tabbatarwa, ko 2 don sokewa.

Ya sake karantawa, ya goge tabarau da bakin riga, ya kuma karantawa. Rubutun bai canza ba. A ranar ne, karon farko cikin shekaru masu yawa, ya bar burodin gidan liman ya ƙone ta gefe ɗaya.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba sayen ne ya fi ƙona masa rai ba, a'a, a ce da wayarsa, da bakinsa, shi ya karanto lambobin da za a yanka shi da su. Ga maɓallan nan biyu kusa da juna a ƙarƙashin babban yatsansa. Dama shi ke danna 1 a madadin kowa, kullum, ba tare da tunani ba. In ya danna 2, wa zai sani? Oda takan lalace a hanya, kamfani kan yi shiru, mata su tsine wa intanet su haƙura. Zuciya ta yi ta raya masa cewa ba cuta ba ce, taimakon tsohuwa ne ma, kada ta ƙarasa rayuwarta da burodin marayu. Ya mayar da wayar leda ya rataye. Ya zura tire biyu. Ya sake sauko da ita.

Abin da ya hana shi shi ne, matan nan ba su ba shi lambarsu don ya zaɓa musu abin da ya dace da su ba. Ya danna wa mai rinin gemu 1, ya danna wa wanzami 1. Yau don abin ya zo kansa sai yatsa ya karkace? Ya ja tsaki, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙirƙiro lantarki," ya danna 1. Nan take amsa ta dawo tana yi masa godiya, abin da ya ƙara ba shi haushi.

Daga nan saƙonni suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ba shi labarin tafiyar maƙiyi. An shirya kayanki. Kayanki sun bar Kasabalanka. Kayanki sun iso rumbunmu na Meknes. Da can idan irin waɗannan sun shigo daɗi yake ji, kamar shi ke tuƙa motar. Yanzu kowace ƙara sai ya ji ta a ƙirji.

Lalla Mbarka kuwa ba ta fasa zuwa da tirenta da sassafe ba, tana zage-zagenta kamar ba ta aikata komai ba. Shi kuma ya shiga gasa mata burodi irin wanda bai taɓa yi ba. Ya zaɓi wuri mafi kyau a tanderu, ya ƙara itacen zaitun, ya juya shi a kan kari, ya fito jawur yana ƙamshi.

Ta ɗaga ƙyalle ta duba, ta dube shi. "Ɗan Kaddur, lafiya? Ko mutuwa za ka yi ne kake neman gafara?"

"Ci dai, Lalla. Wata rana sai labari."

"Ji shi! Wa ya taɓa ka kake magana kamar bazawara?"

"Ba kowa. Na ce dai akwai abin da ba a jona shi a bango."

Ta yi masa kallon wanda rana ta taɓa, ta ɗauki tirenta ta tafi.

A gida ma Yamna ta ga canji. Ya zauna gaban kwanon miya yana juya loma ba ya kaiwa baki.

"Bawan Allah, miyar ce ba gishiri, ko kai ne?"

Saura kaɗan ya faɗa mata. Maganar ta zo har leɓe, ya haɗiye ta. "Mutane ne ba su da alkawari, Yamna. Ka yi wa mutum hidima tun kana da gashi har ka rasa, rana ɗaya ya juya maka baya."

Ta tsoma burodinta a shayi, ta jira ya jiƙe. "Haka ne," ta ce. "Wani kuma yana gabanka ba ka ganinsa."

Ya gyaɗa kai, a zatonsa ta goyi bayansa ne.

Ranar Alhamis saƙon ƙarshe ya shigo: kayanki na tare da mai kawowa, zai kira. Bayan azahar ya kira, ya ɓata sau biyu duk da kwatance, sannan ya ɓullo yana tura kwali a baro, domin babur ɗinsa ya ƙi shiga lungun. Ƙaton kwali ne, ga hoton abin a jikinsa ɓaro-ɓaro, har da kaza tana gasuwa a ciki. Lalla Mbarka ta fito ta sallami mai kawowa. Matan lungu suka leƙo ta tagogi.

Ba Bushta ya fito daga raminsa. Ya riga ya yanke cewa ba zai bari a ga rauninsa ba. Ya sunkuya ya ɗora kwalin a kafaɗa.

"Muje in kai miki, Lalla. Wanda ya yi wanka ai shi ke kai gawa."

"Wace gawa? Kai dai ɗauko, bakinka ya cika yawa."

Taku kaɗan ne zuwa ƙofarta. Ya tsaya zai sauke, ta daka masa tsawa.

"Wa ya ce a nan? Ni ka ga na yi kama da mai cin burodin akwati? Wuce gaba!"

Ya bi ta a ruɗe. Suka wuce gidan wanzami, suka wuce famfo, suka karya kwana. Ta tsaya a gaban wata ƙofa kore mai marikin ƙarfe, ƙofar da shi da hannunsa ya yi wa fenti bara. Ta ƙwanƙwasa.

"Yamna! Fito ga kayanki, har da ɗan dako kyauta."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ba Bushta ya sauke kwalin a tsakar gidansa, ya tsaya a kansa hannuwa a sake. Yamna ta fito daga kicin tana goge hannu. Da ta gan shi sai ta ɗan tsaya, ta dubi Lalla Mbarka.

"Lalla, ai na ce miki a kawo ba ya nan."

"To ni na san da hoto a jiki? Kuma shi ya ɗauka da kansa, ban roƙe shi ba."

"Da lambata," in ji Ba Bushta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yamna, da lambata kika saya."

"To da ta wa zan saya? Duk lungun nan akwai wata lambar ne?" Ta gyara ɗankwalinta. "Na ce Siham ta sa sunan Lalla don kada mai kawowa ya ambaci nawa. Lambobi ne kawai ke zuwa maka, na ce ba za ka gane ba."

Ya buɗe baki zai ce ba lambobi kaɗai ba ne, ya tuna Lalla Mbarka na tsaye, kuma abin da ta ji da azahar kafin la'asar ya gama lungu. Ya rufe bakinsa.

"Me na yi miki?" ya ce. "Matar mai tanderu da akwatin lantarki? So kike a yi da ni a gari?"

Yamna ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ciki ta fito da burodin jiya, ta miƙa masa. "Gutsura."

Ya karɓa. Sai da ya sa ƙarfi kafin ya karye, ya yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya.

"Haƙoran ƙasa sun tafi, na sama suna sallama," ta ce. "Kana ce mini jaririya. Ba jarirta ba ce, bawan Allah, ba na iya taunawa ne. Ka ce na gida shi ke haƙuri, na yi. Tun ina da kitso har gadon baya nake yi. 'Yarka ta zo daga Tanja ta ga yadda nake ci, ta yi kuka, ta ce in saya ita za ta biya. Ni ba gudun tanderunka nake ba. Burodi mai laushi nake so in ci kafin in mutu, irin wanda kake ba matar wanzami."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Shi da ya san sirrin kowane gida a lungun, ya san mai ciki da mai sanƙo, bai san abin da ke faruwa a bakin matar da yake cin abinci kwano ɗaya da ita ba. Ya tsaya da guntun burodin a hannu ya rasa inda zai ajiye shi.

"Inuwar giginya," in ji Lalla Mbarka, "na nesa ka sha." Ta ja mayafinta ta fita, ta bar musu ƙofar a buɗe.

Bai ce a mayar da akwatin ba. Shi ya kwance kwalin da kansa, ya ɗora abin a kan teburin kicin, ya jona, ya tsaya yana hararar 'yar jar fitilarsa. Yamna ta ce na kek ne da baƙi, ya ce ko na me ne, nata ne.

Washegari Juma'a, Lalla Mbarka ta iso da tirenta a lokacinta na kullum, ta miƙa ba tare da ta duba ba. Ba Bushta bai karɓa ba.

"Ajiye nan, Lalla. Yau an riga ki."

"An riga wa? Wace marar kunyar ce?"

Ya nuna mata da haɓa. Ƙyalle shuɗi koɗaɗɗe na ninke a gefen rami, tirensa babu komai. Ta duba, ta tsuke baki, ta nemi wuri ta zauna a kan buhun itace. "To," ta ce. "Sai yau uwarka ta haifi mai hankali."

Da burodin ya fito, ya jera shi a tire, ya rufa masa ƙyallen, ya yi abin da ba a taɓa gani ba: ya haura daga rami ana tsakar aiki. Mata na tsaye da tirori a ka. Wayar ta yi ƙara a kan ƙusa, matar wanzami ta ƙwala ihu.

"Ba Bushta, tawa ce! Za ta mutu!"

"In ta mutu a turo wata," ya ce, ya fice da tire a kafaɗa.

Ya tarar da Yamna ta haɗa shayi. Ya ajiye tiren a gabanta, ya yaye ƙyallen, tururi ya tashi. Ta sa yatsa ta danna burodin, ya lotsa ya dawo. Ta ture kofin shayinta gefe, ta jawo ɗan kwanon man zaitun tsakaninsu, ta gutsura ta ci, idonta ya ciko. Shi kuma don kada ya kalle ta sai ya yanko babbar loma ya cusa a baki. Zafi ya gasa masa harshe, ya shiga hura iska yana fifita baki da hannu.

Yamna ta yi dariya har ta share ido da gefen ɗankwali.

"Ci a hankali, bawan Allah," ta ce. "Ba mu saba ba."